Tarihin Kalmar «Masculine» a Harshen Ingilishi: Daga Nahawu zuwa Shari'a

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ajin Faransanci a Nijar ya san kalmar «masculin» tun shekarunsa na farko a lakwal, domin da ita ake koya masa cewa «le livre» namiji ne, «la table» kuwa tamata ce. Ingilishi ma yana da wannan kalma, a siffar «masculine», sai dai aikinta a can dabam yake. Sunayen Ingilishi na yau ba su da jinsin nahawu: littafi da tebur duka «the» ake sa musu a gaba, duka kuma «it» ne wakilin sunansu. To, mene ne amfanin kalmar jinsi a harshen da sunayensa suka rasa jinsi?

Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar tun daga asalinta har zuwa yau. Abin da za a nuna shi ne, kalmar ta shiga Ingilishi daidai lokacin da abin da take nunawa a nahawu ya riga ya ɓace, sai ta koma kan mutane da halayensu, ta ɗauki ma'anar ƙarfi da fifiko. Cakuɗuwar waɗannan ma'anoni ta kai har gaban alƙalai. Akwai darasi a ciki ga masu ƙirƙirar kalmomin nahawu da masu rubuta littattafan yaƙi da jahilci.

2. Asalin kalmar

Tushen kalmar Latinanci ne. A wannan harshe «mas» yana nufin namiji, na mutum ko na dabba. Daga shi aka sami «masculus», daga wannan kuma aka sami sifa «masculinus». Malaman Rum sun yi amfani da sifar wajen fassara rabon da suka gada daga Girkawa. Aristotal ya ruwaito cewa Protagoras, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya raba sunaye gida uku: maza, da mata, da kayayyaki. Donatus a ƙarni na 4 da Priscian wajen shekara ta 500 suka tsayar da wannan rabo cikin littattafan nahawunsu, waɗanda aka yi ta karantarwa a makarantun Turai kusan shekara dubu.

Ya kamata a lura da cewa kalmar da Rumawa suka kira wannan rabo da ita, watau «genus», ma'anarta iri ko nau'i. Daga ita Faransanci ya sami «genre», Ingilishi ya sami «gender». Ke nan tun farko magana ce ta kasa sunaye kashi kashi bisa ga yadda sifa da wakilin suna suke jituwa da su. An laƙaba wa kashi ɗaya sunan maza ne domin sunayen maza suna cikinsa, amma tare da su akwai dubban sunaye na abubuwa marasa rai.

3. Zamanin da Ingilishi yake da jinsi

Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi daga ƙarni na 5 zuwa na 11, yana da jinsi uku kamar Jamusanci na yau. Mafayyacin suna yakan sauya bisa ga jinsi: «se» ga namiji, «seo» ga tamata, «þæt» ga jinsi na uku. Dutse, «stan», namiji ne. Wata, «mona», namiji ne, rana kuwa, «sunne», tamata ce, kamar dai yadda suke a Hausa da Larabci, saɓanin Faransanci. Abin mamaki ga mai koyo shi ne, «wif», watau mace, tana cikin jinsi na uku, «wifmann» kuwa, wadda ta zama «woman» ta yau, jinsinta namiji ne, domin ta ƙare da «mann». Wannan ya isa shaida cewa jinsin nahawu da halittar jiki ba dole su dace ba.

A wancan zamani ba a san kalmar «masculine» a Ingilishi ba. Wajen shekara ta 1000, wani limamin Kirista mai suna Ælfric ya rubuta nahawun Latinanci cikin harshen mutanensa domin yara masu koyo. Da ya zo kan jinsi sai ya ƙirƙiri kalmomi na gida: «werlic» ga jinsin namiji, daga «wer», watau mutum namiji, da «wiflic» ga jinsin tamata. Aikin da Ælfric ya yi shi ne irin aikin da kwamitocin kalmomi suke yi wa harsunan ƙasa a yau.

Jinsin ya fara lalacewa daga arewacin Ingila tun ƙarni na 10. Babban dalili shi ne, ƙarfin furuci a Ingilishi yana faɗawa kan gaɓar farko, sai wasulan ƙarshen kalma suka raunana har suka zama ɗaya, alhali su ne suke ɗauke da alamun jinsi. Masana da yawa suna ganin cuɗanya da mutanen Denmak da Norwe da suka zauna a arewa ta ƙara wa abin sauri. A kashi na ƙarshe na tarihin da aka rubuta a Peterborough, wanda ya tsaya a shekara ta 1154, mafayyaci ɗaya ya riga ya maye gurbin ukun. Yankin Kent, a kudu maso gabas, shi ya fi daɗewa da tsohon tsari: ana ganin ɓurɓushinsa cikin littafin «Ayenbite of Inwyt» na shekara ta 1340. Bayan wannan, jinsi bai saura ba sai a wakilan suna «he», «she» da «it», waɗanda suke bin halitta.

4. Shigowar kalmar

Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a shekara ta 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latinanci kuma ya ci gaba da zama harshen ilmi. Kalmomin Ælfric suka mutu. A ƙarni na 14 ne «masculine» ta bayyana cikin rubutun Ingilishi, ta hanyar Faransanci da Latinanci. Amfaninta na farko ya haɗa da nahawu, watau nahawun Latinanci da ake koyarwa a makarantu, da ilmin taurari, inda ake kasa buruji sha biyu zuwa maza da mata, da kuma nuna namiji kawai. Wajen shekara ta 1380 Chaucer ya fassara littafin Boethius, ya yi amfani da kalmar ga ƴaƴa maza, sa'an nan ya bi ta da bayani cewa ƴaƴa maza yake nufi. Wannan bayani alama ce ta cewa kalmar baƙuwa ce ga masu karatunsa.

A cikin wannan ƙarni kuma wata kalma ta shigo daga tushe ɗaya. Latinanci «masculus» ya zama «masle» a tsohon Faransanci, ya shiga Ingilishi a siffar «male». Kishiyarta «femelle» ba ta da dangantaka da ita ta asali, amma bakin mutane ya lanƙwasa ta ta koma «female» domin su yi kama. Da haka Ingilishi ya sami kalmomi uku a fage ɗaya, sannu a hankali kuma suka raba aiki. «Male» ta riƙe halittar jiki, ta mutum da dabba da tsiro. «Manly», wadda take ta gida, ta riƙe yabon namiji kan jaruntaka da mutunci. «Masculine» ta tsaya tsakani: tana nuna abin da ake jinginawa ga maza, ko da a jikin wanda ba namiji ba ne, ko a abin da ba shi da rai. Wannan dama ita ce ta ba ta yaɗuwa.

5. Daga kalmomi zuwa halaye

Fage na farko da kalmar ta ƙetara shi ne waƙa. Mawaƙan Faransa sun kira ƙafiyar da ta ƙare da «e» marar furuci tamata, domin wannan harafi shi ne alamar tamata a sifofi, kamar «petit» da «petite». Sauran ƙafiyoyi suka zama maza. Philip Sidney ya ambaci wannan rabo cikin littafinsa na kāre martabar waƙa, wanda aka buga a shekara ta 1595. Da yake Ingilishi ba shi da alamar tamata a sifa, sai aka sauya ma'aunin: ƙafiyar da ƙarfin furuci ya faɗa kan gaɓarta ta ƙarshe, kamar «land» da «stand», ita ce namiji, wadda gaɓa marar ƙarfi ta biyo baya, kamar «landing» da «standing», ita ce tamata. A Faransanci dalilin sunan harafi ne da ake gani a takarda. A Ingilishi dalilin ya koma ƙarfi da rauni.

A ƙarni na 17 kalmar ta zama kalmar yabo ga salon magana da na tunani. Wajen shekara ta 1603 Francis Bacon ya sa wa wani rubutunsa na Latinanci suna «Temporis Partus Masculus», watau haihuwar namiji da zamani ya yi, yana nufin sabon ilmin gwaji da zai rinjayi na magabata. Marubuta suka riƙa kiran zance mai kaifi, marar ado, da wannan sifa.

Idan aka jingina ta ga mace kuwa, sau da yawa zargi ce. A shekara ta 1620 Sarki James na I ya umarci limaman Landan su yi wa'azi kan matan da suke yanke gashi, suna sa hula da riga irin na maza. A wannan shekara aka buga wata ƙasida mai suna «Hic Mulier». Sunan kansa ba'a ce ta nahawu: an haɗa mafayyacin namiji «hic» da sunan tamata «mulier», kamar a ce da Hausa «mace ne». Duk yaron makaranta ya san wannan kuskure ne da ake dukan mutum a kansa, marubucin kuma yana so a ɗauki tufafin matan a matsayin kuskure irinsa. Ba da jimawa ba aka mayar masa da martani da ƙasidar «Haec Vir», watau «namiji ce».

Ƙamus na Samuel Johnson, na shekara ta 1755, ya kawo ma'anoni uku: namiji a halitta, mai kama da namiji, marar laushi, sa'an nan ma'anar nahawu a ƙarshe, tare da gargaɗin cewa ba kullum take nuna halitta ba. Amma kafin wannan da shekara huɗu, James Harris, cikin littafinsa «Hermes» na 1751, ya yi ƙoƙarin nuna cewa jinsin sunaye yana bin ɗabi'ar abubuwa: rana namiji ce domin tana ba da haske, wata tamata ne domin karɓa yake yi. Hujjar ta dace da Latinanci da Girkanci. Ta rushe a gaban harshen kakanninsa, inda rana take tamata, wata kuma namiji.

6. Ƙa'idar fifiko da shari'ar 1868

Wajen shekara ta 1540 Sarki Henri na VIII ya wajabta wa makarantun ƙasarsa littafin nahawun Latinanci guda ɗaya, wanda aka sani da sunan William Lily. An yi ta karanta shi har cikin ƙarni na 19. A cikinsa akwai ƙa'idar da take cewa jinsin namiji ya fi na tamata daraja, na tamata kuma ya fi na uku. Manufarta ta jituwa ce kawai: idan sifa ɗaya ta bi sunaye biyu masu jinsi dabam dabam, sai ta ɗauki siffar namiji. Vaugelas ya faɗi irin wannan game da Faransanci a shekara ta 1647. Sai dai kalmar daraja da aka yi amfani da ita ta buɗe ƙofar fahimtar ƙa'idar a matsayin hukunci kan maza da mata su kansu.

Sifofin Ingilishi ba su jituwa da jinsi, saboda haka ƙa'idar ba ta sami inda za ta sauka ba sai kan wakilin suna. Tun zamanin Chaucer mutane sukan ce «they» ga mutum ɗaya da ba a san ko wane ne ba, Shakespeare da Jane Austen ma sun yi haka. Masu nahawu na ƙarni na 18 suka ga wannan ya saɓa wa jituwar tilo da jam'i. Ann Fisher a shekara ta 1745 da John Kirkby a 1746 suka tsayar da cewa «he» ya ƙunshi namiji da mace. Masaniyar harshe Ann Bodine ta bi tarihin wannan hukunci cikin wani bincike da ta buga a shekara ta 1975.

A shekara ta 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta shigar da hukuncin cikin doka. Domin a gajarta lafazin dokoki, aka zartar da cewa duk kalmar da take nuna jinsin namiji za a ɗauke ta ta haɗa da mata, sai fa in an bayyana akasin haka a fili. Da wannan aka ci gaba da karɓar haraji daga mata, ana hukunta su da dokokin da aka rubuta da «he».

Gwajin ya zo a shekara ta 1867. Dokar zaɓe ta 1832 ta ambaci maza ƙarara da kalmar «male», sabuwar dokar kuwa ta ce «man». John Stuart Mill ya nemi a sa «person» a gurbinta domin a kau da shakka, aka kayar da shi da ƙuri'a 196, shi yana da 73. Duk da haka masu neman ƴancin mata suka ga dama: in dai dokar 1850 tana aiki, ai «man» ta haɗa da mace. A ƙarƙashin jagorancin Lydia Becker, mata fiye da 5000 a birnin Manchesta suka nemi a sa sunayensu cikin rajistar masu zaɓe. Maganar ta kai kotu a watan Nuwamba na 1868, a shari'ar da aka sani da Chorlton da Lings, inda Richard Pankhurst yake cikin lauyoyin matan. Alƙalai suka yanke cewa a wannan doka «man» namiji kawai take nufi, kuma bisa al'adar ƙasa mata ba su da ikon zaɓe. Watau namiji ya ƙunshi mace wajen biyan haraji, bai ƙunshe ta ba wajen jefa ƙuri'a. Sai a shekara ta 1918 matan da suka kai shekara 30, masu cika sharaɗin dukiya, suka sami ƙuri'a, a 1928 kuma aka daidaita su da maza.

Dokar fassara ta 1978 ta gyara lafazin, ta ce kowane jinsi ya ƙunshi ɗayan. A shekara ta 2007 gwamnatin Birtaniya ta ba da sanarwar cewa za a riƙa rubuta sababbin dokoki da lafazin da bai keɓe jinsi ba.

7. Kalmar a hannun masana halayya da zamantakewa

Sunan da aka ciro daga sifar, «masculinity», ya bayyana a tsakiyar ƙarni na 18, amma bai yaɗu ba sai ƙarshen na 19. Masaniyar tarihi Gail Bederman ta nuna, cikin littafinta na 1995, cewa daga wajen 1890 mutanen Amurka suka fara fifita shi a kan «manliness». Tsohuwar kalmar tana nufin kamun kai da riƙon amana, sabuwar kuwa ta fi karkata ga ƙarfin jiki da zafin nama.

A shekara ta 1936 Lewis Terman da Catharine Miles suka fito da wani ma'auni na tambayoyi wanda yake ajiye mutum a kan layi ɗaya, mazantaka a wannan gefe, matantaka a wancan. A 1974 Sandra Bem ta raba layin biyu: ta jera sifofi 60, 20 da ake jinginawa ga maza, 20 ga mata, 20 na kowa, ta nuna cewa mutum ɗaya yana iya samun maki mai yawa a duka biyun. A 1980 Geert Hofstede ya ɗora kalmar a kan ƙasashe, bisa amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM: inda aka fi daraja gasa da nasara ya kira al'adar «masculine», Japan a sama, Suwidin a ƙasa. A 1995 Raewyn Connell ta sa wa littafinta suna da jam'in kalmar, «Masculinities», domin nuna cewa abin da ake kira mazantaka yana sauyawa daga zamani zuwa zamani, daga al'umma zuwa al'umma. Da haka kalmar ta komo kusa da inda ta faro: suna ne na wani kashi da mutane suka kasa.

8. Kammalawa

Hausa tana da abin da Ingilishi ya rasa, watau jinsin nahawu mai rai, guda biyu a tilo, babu ko ɗaya a jam'i. J. F. Schön ya yi amfani da «masculine» da kishiyarta cikin nahawun Hausa da ya buga a 1862, marubutan Hausa kuma suka fassara su da namiji da tamata. Kalmar namiji a Hausa tana ɗauke da ma'anoni ukun nan da Johnson ya jera. Ana cewa namijin akuya a halitta, ana cewa namijin ƙoƙari a yabo, ana kuma cewa gida namiji ne a nahawu, ko da yake ya ƙare da «a» kamar yawancin sunayen tamata. Maraɗi da Tawa da Damagaram duka «ce» suke ɗauka, ba domin wata ɗabi'a ta mazaunansu ba. Haka kuma «kowa ya zo da fartanyarsa» siffar namiji ce da ake nufin kowa da ita.

Abubuwa biyu suka kamata a kula da su. Na farko, a littafin koyarwa a riƙa cewa «jinsin namiji» da «jinsin tamata» cikakke, a kuma fara misalai da abubuwa marasa rai, kamar ruwa da wuta, domin mai koyo ya gane magana ce ta jituwar kalmomi. Malaman zaure sun riga sun san wannan bambanci daga nahawun Larabci, inda ake raba tamata ta haƙiƙa da ta majazi, kuma ana iya aron wannan rabo. Na biyu, a wajen fassara doka ko takardar hukuma, irin ta gona ko ta ƙungiyar manoma ko ta rajista, duk inda ake nufin maza da mata a faɗe su a fili, ko a yi amfani da jam'i, wanda a Hausa ba shi da jinsi. Matan Manchesta sun dogara da ƙa'idar cewa namiji ya ƙunshe su, doka ma ta rubuta haka tun 1850, amma da aka je gaban alƙalai a 1868 ƙa'idar ba ta tsaya musu ba.